Me Za Mu Karanta a Kakar Bana? Kundin Aikin Zaɓen Littattafai, 2021

Lahadi, 5 ga Satumba

A zamanmu na yau 'yan da'irar karatu suka ɗora mini aikin tsamo sababbin littattafan ƙagaggun labarai guda shida, waɗanda za mu karanta daga kakar nan har sanyi ya kankama. Sharuɗɗan da aka tsayar ba su da yawa. Kada littafi ya wuce shekara biyu da fitowa. Biyu daga cikin shidan su kasance na Hausa. Sannan ya zama abin da za a samu a nan Kano, ko a ba direba ya kawo daga Abuja ko Legas, a kan kuɗin da malamin makaranta zai iya biya ba sai ya ci bashi ba. Hajiya, wadda kuɗin da'ira ke hannunta, ta ƙara nata sharaɗin: kada a kawo mata littafin da za ta ɓoye in jikokinta suka shigo ɗaki.

Na fara da jerin da jaridun Ingila da Amurka ke fitarwa a irin wannan lokaci, don su kam sun mai da abin al'ada. Kamfanonin ɗab'i na can sukan riƙe manyan littattafansu sai tsakanin Satumba da Nuwamba, saboda cinikin Kirsimeti yana tafe, kuma a wannan tsakanin ne ake rabon manyan kyaututtuka. Booker takan fitar da sunayen 'yan ƙarshe a Satumba, Nobel a farkon Oktoba, baje kolin littattafai na Frankfurt shi ma a Oktoba, Goncourt ta Faransa a farkon Nuwamba. A Faransa ma abin ya fi ƙarfi: daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba ana zubo ƙagaggun labarai sama da 500 a kasuwa, yawancinsu kuwa in aka shiga sabuwar shekara ba mai sake jin ɗuriyarsu.

Mai rubuta irin wannan jeri, wanda yake hange shi ne mutumin da zai biya ta kanti a hanyarsa ta komawa gida ya ɗauka. Mu lissafinmu daban ne. Tun da Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala a ƙarshen Yuli take ta hawa. A Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ta wuce naira 500, fam kuma ya haye 700. Ke nan littafi mai kwalin bango na fam 17 ya zarce naira 12,000 tun kafin a sa kuɗin kawowa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Shawarar da muka yanke ita ce duk littafin waje kwafi ɗaya za a saya, a riƙa zagayawa da shi.

'Yan'uwanmu da ke Gusau, waɗanda suke bin mu ta WhatsApp, shiru tun da aka katse layukan waya a Zamfara a ƙarshen makon nan. Allah ya kiyaye su. Zan ajiye musu duk abin da aka tattauna.

Laraba, 15 ga Satumba

Jiya Booker ta fitar da littattafai shida na ƙarshe, biyu daga cikinsu na 'yan Afirka: *The Promise* na Damon Galgut ɗan Afirka ta Kudu, da *The Fortune Men* na Nadifa Mohamed, haifaffiyar Hargeisa da ta girma a Ingila. Sauran huɗun na bar su, ba don raini ba, don aljihu.

Na Nadifa na riga na karanta a waya, kuma shi ne na farko da na rubuta a jerin ba tare da na nemi shawarar kowa ba. Labarin ya ginu ne kan abin da ya faru da gaske. Mahmood Mattan Basomale ne ma'aikacin jirgin ruwa, ya zauna a unguwar bakin tasha ta Cardiff, ya auri Baturiya, suka haifi 'ya'ya maza uku. A 1952 aka yanka wata mai kanti, 'yan sanda suka kama shi, aka rataye shi a watan Satumban shekarar bisa shaidar da ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Sai a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, shekara 46 bayan an binne shi. Abin da ya sa littafin ya kama ni, marubuciyar ba ta mai da shi waliyyi ba. Ɗan caca ne, yana ɗan taɓa sane a kantuna, ga baki da girman kai, kuma ya yarda har cikin zuciyarsa cewa shari'ar Turawan Ingila ba ta kashe marar laifi. Mai karatu ya san ƙarshen tun shafin farko, don haka duk wata fahariyar da Mahmood ya yi wa 'yan sanda sai ka ji gabanka ya faɗi. Babin da ya koma ga salla a kurkuku zai yi daɗin karantawa a bayyane a zamanmu.

Lahadi, 26 ga Satumba

Makon nan na gida ne. Wole Soyinka, yana da shekara 87, ya fito da ƙagaggen labarinsa na farko tun 1973, mai dogon suna, *Chronicles from the Land of the Happiest People on Earth*. Bookcraft ta Ibadan ta riga ta buga shi a nan, don haka samunsa ba wahala. Akwai likitan tiyata a ciki da ke aiki a Jos yana ɗinke waɗanda bom ya tashi da su, har ya gano ana cinikin sassan jikin mutane daga asibitinsa. Akwai malamin addini ɗan damfara da ya haɗa addinai ya yi nasa. Akwai 'yan siyasa masu raba wa juna lambobin yabo. Ba'a ce mai ɗaci, kuma duk wanda ke zaune a ƙasar nan zai gane su wa ake nufi. Amma Turancin yana da nauyi, jimla ɗaya takan cinye rabin shafi, labarin kuma ba ya tashi sai an yi nisa. Na gaya wa Malam, dattijonmu da ya yi shekaru yana koyar da Tarihi, cewa ina jin tsoron rabin 'yan da'ira za su ajiye shi a hanya.

"To Sakatare," in ji shi, "in kowa ya zaɓi mai taushi, wa zai tauna mai ƙashi?"

"Allah ya gafarta Malam, ai shi ya sa na ce a bar maka shi, ka karanta ka zo ka ba mu labari."

Haka aka tsaya. Ba ya cikin shida, amma Malam zai yi mana jawabi a kansa.

Wanda ya shiga jerin shi ne *The Son of the House* na Cheluchi Onyemelukwe-Onuobia, ɗaya daga cikin ukun da suka rage a gasar adabi ta kamfanin gas na NLNG, tare da na Abi Daré da na Obinna Udenwe. Gasar tana zagayawa ne shekara-shekara tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Zagayen zube ya kamata a yi shi bara, annobar korona ta turo shi bana. Wancan zagayen na 2016 ɗan Arewa ne ya ci, Abubakar Adam Ibrahim. Littafin Cheluchi mata biyu ne 'yan Inugu, ɗaya tela da ta taso a aikatau, ɗaya hajiyar kuɗi, masu garkuwa da mutane suka kulle su a ɗaki guda, suka shiga ba juna tarihin rayuwarsu. Duk abin da ya same su ya taso ne daga neman ɗa namiji da zai gaji gida. Turancinsa mai sauƙi ne, bugun gida ne, kuɗinsa bai kai rabin na waje ba. Shi za mu fara da shi.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Jiya da rana aka sanar da Abdulrazak Gurnah a matsayin wanda ya ci Nobel ta adabi. Kafin la'asar wayata ta cika. Ba a jerin kowace jarida na gan shi ba a watan jiya, ba kuma sunansa masu hasashe ke ambata ba. Tun Soyinka a 1986 baƙar fata ɗan Afirka bai sake samun wannan kyauta ba sai shi.

An haife shi a Zanzibar a 1948. Bayan juyin 1964, lokacin da aka far wa masu jinin Larabawa a tsibirin, ya bar gida yana saurayi ya shiga Ingila, inda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Kent. Abin da ya sa Kano ta ɗauka da zafi shi ne ya koyar a Jami'ar Bayero a farkon shekarun 1980. Malam yana ɗalibi a can a lokacin. Na kira shi ina murna, ya ce, "Ɗana, ni ba sashensa nake ba, ban zauna ajinsa ba. Amma ka saurara, daga yau rabin dattawan garin nan ɗalibansa ne."

Littattafansa goma ne. Wanda ya cika sharaɗinmu na shekara biyu shi ne na ƙarshe, *Afterlives*, na 2020. Yana faruwa ne a gaɓar tekun Tanganyika zamanin mulkin Jamusawa, bayan sun murƙushe tawayen Maji Maji na 1905 zuwa 1907, ya ratsa Yaƙin Duniya na Ɗaya har bayansa. Ilyas ya shiga sojan Jamus da ƙafarsa don yana ganin su ne suka raine shi, ya bar ƙanwarsa Afiya a hannun mutane. Hamza shi ma ya shiga don gudun bauta, ya dawo da rauni a jiki da wanda ba a gani. Gurnah ba mai ɗaga murya ba ne. Yakan faɗi abu mafi muni a jimla ɗaya mai sanyi ya wuce, sannan ya zauna shafuka yana nuna yadda ake neman aure, yadda attajiri ke cutar akawunsa, yadda ake zaman baranda bayan isha'i. Bahaushe zai ga gidansu a ciki: masallaci, malamin tsubbu, kulle, maganar unguwa.

Akwai kuma wata alaƙa da Malam ya tuna mini. A wannan yaƙin na Gabashin Afirka Ingila ta kwashi sojojin Nijeriya, da yawansu daga Arewa, suka je suka gwabza da sojojin da littafin ke magana a kansu. A gumurzun Mahiwa na Oktoban 1917 an yi musu ɓarna mai yawa. Wato kakannin wasunmu suna ɗaya ɓangaren na wannan labari, suna harbin su Hamza a kan rigimar Turawa biyu. Na roƙi Malam ya buɗe mana zaman littafin da wannan tarihi.

Samun littafin shi ne aiki. Na tambayi kantuna a Abuja da Legas, amsar ɗaya ce: babu, an yi oda. Ba mu kaɗai ba ne. Ko a Amurka yawancin littattafansa ba sa kasuwa lokacin da sanarwar ta fito, ga kuma ƙarancin takarda da cunkoson jiragen ruwa da ya addabi masu ɗab'i bana.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Na Hausa su ne suka fi ba ni wuya, alhali na ɗauka su ne masu sauƙi.

Na zaga wajen masu littattafai na Sabon Gari da gefen Bata. Shagunan da a da ake cika su da littattafan marubutan Kano, kashi na ɗaya da na biyu da na uku a ɗaure da roba, yanzu littattafan makaranta ne da na addini a gaba. Na labari suna can ciki, yawancinsu tsofaffin bugu. Wani mai shago ya ce mini, "Yallaɓai, sabo kake nema? Ai yana cikin wayar matarka."

Gaskiya ya faɗa. Rubutu bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, wuri ya sauya. Marubuciya takan fara sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, ta ba da na ɗanɗano kyauta, in ya kama mutane sai ta ce daga nan na kuɗi ne, a tura naira 200 ko 300 ko 500 a shiga rukunin da ake ci gaba. Wasu kuma a YouTube ake karanta su, mata na aikin gida suna saurare. Masu karatu sun ninka na zamanin takarda, har da 'yan Nijar da Gana da Sudan da Saudiyya. Amma ga mai son ya ce wa jama'a "ku karanta wannan", matsalolin a fili suke. Babu ranar fitowa, don littafin yana fitowa ne kullum har wata uku ko huɗu. Babu edita, shi ya sa za ka ga labari mai kyau ya kumbura ya kai shafi ɗari bakwai saboda masu karatu sun ce a ƙara, ga ƙa'idar rubutu an yi watsi da ita, ba ƙugiya, ba rabon kalma, Turanci ya cakuɗe da Hausa ko a bakin tsohuwar ƙauye. Babu kuma mai sharhi da zai tace. Abin da ake da shi yabo ne daga masoya da zagi daga 'yan adawa. A Landan alƙalan Booker biyar sukan karanta littafi sama da 150 su miƙo maka shida. A nan kai ne alƙalin, da kuɗin datarka.

Sannan ga sata. Da an gama littafi sai wani ya haɗe shi ya watsa kyauta. In muka ɗauki irin wannan kwafi muka raba a da'ira, mun shiga sahun ɓarayin. Don haka na sa matan da'ira, waɗanda suka fi ni sanin wannan duniya nesa ba kusa ba, suka kawo sunayen kammalallun littattafai na bana da bara. Na karanta farkon kowanne, na tsayar da ɗaya: labarin wata bazawara da ta koma gidan ubanta da 'ya'ya, babu attajirin saurayi, babu aljani, zancen mutanen ciki kuma kamar ka sa kunne a katangar maƙwabta. Na aika wa marubuciyar saƙo cewa za mu biya kuɗin kowane mai karatu, muna kuma neman izinin bugawa a takarda don dattawan da idonsu ba ya jure waya. Ba zan rubuta sunan littafin a nan ba sai ta amsa.

Gurbi na biyu na ba gajerun labaran Hikayata, gasar da BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016. A nan aƙalla akwai alƙalai, akwai iyakar kalmomi, kuma ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo, kowa zai iya ji. Za mu fara da "Rai da Cuta" na Maryam Umar, wanda ya zo na ɗaya bara, a kan matar da mijinta ya ƙaryata korona ya kawo ta gida, sannan mu haɗa da na bana in an sanar.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Hutun Mauludi ya ba mutane dama, kusan kowa ya gama *The Son of the House*. Zaman yau ya wuce lokacinsa. Maza suna maganar garkuwa da mutane, mata suka ce ba wannan ne labarin ba, ɗakin da aka kulle su dabara ce kawai ta marubuciya don ta sa su magana. Na fi yarda da matan. Ƙarshensa ya raba kawuna, wasu sun ce an yanke shi da wuri.

Malamar Faransancinmu, 'yar Maraɗi, ta kawo ƙorafi cewa jerin ya zama na 'yan Ingilishi zalla. Ta ba da shawarar *Les Impatientes* na Djaïli Amadou Amal, Bafulatanar Marwa a arewacin Kamaru, wanda ya ci Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020: mata uku, auren dole, kishi, da nasihar haƙuri da ake yi wa amarya ranar kai ta. Babu fassararsa ta Ingilishi, don haka ba zai shiga shida ba, amma ta yarda za ta riƙa fassara mana babi-babi da baki a ƙarshen kowane zama.

*The Promise* ya iso ta hannun wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila. *Afterlives* har yanzu shiru.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Jiya rana guda aka ba Galgut Booker a Landan, aka ba Mohamed Mbougar Sarr Goncourt a Paris. Sarr ɗan Senegal ne mai shekara 31, na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya ci wannan kyauta. Kuɗinta yuro 10 ne kacal, cinikin da ke biyo baya shi ne ribar. Littafinsa ya taso ne daga abin da ya sami Yambo Ouologuem ɗan Mali, wanda Paris ta ɗaga a 1968 da kyautar Renaudot, sannan ta kayar da shi da zargin satar rubutu, ya koma gida ya daina hulɗa da duniyar adabi har ya rasu a 2017. A ƙarshen Oktoba kuma Cheluchi ta ci ta NLNG, dala 100,000. In aka haɗa da Gurnah, da David Diop da ya ci Booker ta fassara a watan Yuni, da Paulina Chiziane 'yar Mozambik da aka ba kyautar Camões ta masu rubutu da harshen Fotugal, jaridu suna ta kiran bana shekarar Afirka. Hajiya ta ce to madalla, amma a shekarar Afirkan ga shi wata guda muna jiran littafi ɗaya ya ƙetaro.

Kwafinmu na *The Promise* yanzu layi ake bi. Na rage wa kowa kwanakin riƙewa.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Waɗanda suka karanta *The Promise* sun kai yawan da za a tattauna. Iyalin Turawa ne masu gona a wajen Pretoria. Uwar gida tana gargarar mutuwa a 1986 ta sa mijinta ya yi alkawarin mallaka wa mai aikinsu, Salome, ɗan gidan da take zaune a ciki. Autarsu Amor ta ji da kunnenta. Littafin jana'iza huɗu ne, 1986 da 1995 da 2004 da 2018, a kowacce ana tayar da maganar ana binne ta. Da farko dokar wariyar launin fata ce hujja, don baƙar fata ba ta da ikon mallakar wurin. Da doka ta sauya sai aka nemo wasu hujjojin. Salon rubutun ya wahalar da wasu: babu alamar zance, mai ba da labari yakan fita daga kan wannan ya shiga kan wancan a tsakiyar jimla, har ya juyo ya tsokani mai karatu. Ni ya burge ni, bayan shafi talatin kunne ya saba.

Malam ya ɗauke mu zuwa fiƙihu. Ya ce a wurinmu wannan wasiyya ce, ana fitar da ita bayan biyan bashi kafin a raba gado matuƙar ba ta wuce sulusi ba, kuma ɗan gidan nan bai kai ko kusa da sulusin gonar ba. Hajiya ta ce, "Malam, a littafi haka ne. Nawa ka sani a garin nan da suka yi shekara talatin suna bauta wa gida, mai gida ya ce a ba su ɗaki, 'ya'ya suka sayar da gidan da su a ciki?" Daga nan zaman ya bar Afirka ta Kudu. Ƙorafin da na rubuta shi ne na wata ɗaliba: Salome, wadda duk labarin a kanta yake, da ƙyar ta yi magana a littafin. Wasu sun ce da gangan ne, don haka iyalin suke ganinta. Ɗalibar ta ce ko da gangan ne, an sake hana ta baki.

Inda aiki ya tsaya: an gama biyu. *The Fortune Men* na gaba, ranar 28 ga wata, kuma an samu wanda zai kawo kwafin takarda. Marubuciyar Hausa ta amince da biyan kuɗi, amma ta ce a dakata da bugawa a takarda sai ta sake duba rubutun, don haka na matsar da shi zuwa Disamba, labaran Hikayata su riga shi. Kantin da muka ba kuɗin *Afterlives* ya ce makon gobe, kamar yadda ya ce makon jiya. In bai zo ba kafin ƙarshen wata zan karɓo kuɗin, mu nemi mai zuwa daga Ingila hutun Kirsimeti. Ɗaya daga 'yan Gusau ya shigo Kano ɗaurin aure, na ba shi kwafin *The Son of the House* da takardun tattaunawarmu ya tafi musu da su.